Ku Daina Cin Kwantai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ko da yake ƙodata ta gaji, idona ɗaya kuma ya daina gani. Kada gobe wani ya ce zafin ciwo ne ya sa tsohuwa sambatu. Da ku ukun nake: Dogo, 'Yar Baba da Auta. Amma yawancin maganar taka ce, Dogo, domin ciwon sugan da ya kashe babanku, yake kuma shirin gamawa da ni, ya riga ya kama ka, kana ta yi kamar ba ka sani ba.

Na ɗaya. Gida da gidan burodi a raba su yadda Allah ya ce, ban sa baki ba. Injin kwaɓi da murhun gashi kada a sayar, ku bar Dogo ya ci gaba da riƙe sana'ar, shi ya san kanta.

Na biyu. Dokar kwantai ta mutu tare da ni. Kun san ta, amma bari in rubuta saboda jikoki. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya kafa doka cewa burodi da kek ɗin da ba a sayar ba, ba a zubarwa, ba a kuma bayarwa, wai in aka saba kyauta masu saye za su riƙa jiran yamma. To wa zai ci? Mu. Kullum da la'asar sai a shigo da tire cike, a dire a tsakar ɗaki, a yaɓa bota, a kaɗa shayin da cokali ke tsayawa a ciki don suga. Da safe a ɗumama ragowar. Haka muka mai da cikunanmu kwandon sharar shago, muna kiran abin tattali.

Na yi magana tun kuna ƙanana. Na ce a rage kwaɓi, in sa tukunya in dafa mana wake da ganye kamar mutane. Babanku ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce 'yar gidan talakawa ba ta san daɗi ba, ai ƙiba ita ce shaidar ana cin riba. Ribar ta zo kuwa. Ta fara da yawan ƙishirwa, ta bi da yatsar ƙafa, ta ƙare da likita ya yanke ƙafar daga gwiwa. Ni na riƙa wanke gyambon nan, warinsa bai bar hancina ba har yau. Ranar da aka binne shi, tun dare bai yi ba aka shigo da tire kamar kullum, kuka ci kuna kuka.

Saboda haka a rage kwaɓi. Abin da ya kwana a busar, a sayar wa masu kiwon kaji. Su kaji don yanka ake ƙosar da su, ku ban san don me ba.

Na uku. Dogo, gabar da ke tsakaninka da 'Yar Baba ta ƙare, kuma kai za ka taka ka je gidanta. Laifinta ɗaya, ta hana 'ya'yanta cin kwantai, ta mai do tiren da ka aika mata. Ka ce ta raina gumin ubanta, ka hana matarka gaishe ta. Da na fara kwanciya ta ɗauke ni tana yi mini girki marar gishiri da mai, kumburina ya ɗan saɓe, numfashina ya dawo, kuka ce tana kashe ni da yunwa. Kai da Auta kuka zo da lemon kwalba a ɓoye cikin leda kuna tura mini ƙarƙashin filo, kuna jin kun fi ta ƙaunata. Wannan ya yi mini ciwo fiye da allurar wankin ƙoda. Ku nemi gafararta, ita ce mai gaskiya.

Na huɗu. Auta, zobena da akwatin kayana naki ne da yayarki, ku raba ba tare da murya ta tashi ba. Kuma ki tashi daga kujerar nan ta gaban kantar shago. Daga buɗe shago zuwa rufewa ba kya motsi sai hannu, daga tire zuwa baki. Ki riƙa takawa gida da ƙafa, titin bai taɓa cinye kowa ba. Ki daina toshe bakin yaronki da kek duk sanda ya yi kuka, haƙoransa sun soma baƙi.

Na biyar. Dogo, ido ɗaya ya rage mini amma yana aiki. Na ga jarkar ruwan da ba ka rabuwa da ita. Na ga safar da kake sawa cikin zafin murhu. Matarka ta gaya mini gwangwanin gashi ya faɗo maka a ƙafa da zafinsa, ba ka ji komai ba sai da ka ga fata ta saluɓe. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa ta. Ka ce da ita kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne, amma babu wanda Allah ya aiko ya ɗura maka suga. Ka je asibiti a duba ƙafar, ka sha magani, ka ci abin da ƙanwarka za ta koya wa matarka dafawa.

Na shida. Keken guragun babanku yana ɗakin ajiya, bayan buhunan fulawa. Sau da yawa 'yan'uwanka sun ce a ba mabukaci, ina hanawa, suna zaton don tunawa da shi ne. Ba don haka ba ne. Kai na ajiye wa, Dogo.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku, ya ba ku tsawon rai mai lafiya, ba irin namu ba. Ku riƙe juna, kada wanda ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa. Ku riƙa haɗuwa a kan kwano ɗaya, amma na abincin da aka dafa dominku. Kai kuma Dogo, ka ƙaryata ni, ɗana. Ka bar keken nan ya yi tsatsa a inda yake.