Faten Dankali a Ɗakin Luba

Litinin, 18 ga Disamba, 2023

Sanyi ya sauko daga kan dutse. Da asuba ruwan buta kamar zai cire min yatsu. Matata Luba ba ta fito ba. Tari ya kwantar da ita, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. Har hantsi murhun gidan nan a mace.

Habiba, autarmu da ke aure a Tudun Wada, ta bugo waya. Wai a kai Inna asibitin Doguwa. Na ce a wannan iskar? Kafin a isa ai an ƙarasa ta. Sanyin Riruwai na san shi tun ba a haifi likitan ba, na kuma san maganinsa.

Gobe faten dankali zan yi mata, irin na barikin kuza.

Talata, 19 ga Disamba

Na yi. Da hannuna.

Lokacin da muke haƙar kuza akwai Mujitaba, mutumin Jos, mai dafa wa leburori abinci. A wurinsa na gani, kuma abin da na gani ba ya ɓace min. Dankalin turawa ake sawa, ba namu mai zaƙi ba. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro a jefar. Ƙashin ƙafar saniya shi ne farko, da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, a bar shi ya yi ta tafasa sai romon ya yi fari. Sannan albasa, jajjagen attaruhu, daddawa kaɗan. Sannan dankalin. In ya yi laushi a murƙushe rabi da bayan ludayi don ya yi kauri, a bar rabi yadda haƙori zai san ya ci wani abu. Lawashi a ƙarshe. Man shanu a kai.

Luba tana leƙe daga kan gado. Ta ce, “Malam, fere kake ko sassaƙa? Rabin dankalin ya bi ɓawo.” Na ce majinyaci ba ya alƙalanci. Ta yi dariya, tari ya ƙwace dariyar.

Ta sha ƙaramin kwano, goshinta ya yi gumi. To.

Abin da ya ɓata min rai iska. A tsakar gida sai watsa min wuta take yi, kuma kafin in kai kwano ɗaki ya huce.

Laraba, 20 ga Disamba

Na yi dabara. Na shigar da girkin ɗakinta. Gawayin ƙirya na saya, buhu guda, mai ci a hankali ba tartsatsi. Tukunya na tafasa, ɗaki na ɗumi, aiki biyu da wuta ɗaya. Tagar baya na cusa mata tsumma, na rufe da buhu. Ƙofa na rataya mata bargo, ƙasanta na tokare da tsohuwar tabarma. Yanzu ko zare aka rataya a ɗakin nan ba zai motsa ba.

Luba ta ce kamar an mayar da ita cikin uwa.

Juma'a, 22 ga Disamba

Tarin ya ɗan lafa. Amma ta ce kanta na sarawa, nan wajen goshi, kamar an ɗaura mata igiya. Nawa ma yana yi, ban faɗa mata ba. Sanyin ne yake neman hanyar fita.

Na ƙara citta.

Asabar, 23 ga Disamba

Hamidu maƙwabcina ya leƙo dubiya. Tare muka yi kuza, tare muka tsufa, har yau bai yi hankali ba. Ya ɗaga bargo ya sa kai, ya ja da baya. Ya ce, “Shitu, jinya kake ko gasa tsohuwar nan za ka yi mana da yaji?” Na ce in yunwa ce ta kawo ka faɗi gaskiya. Na zuba masa. Ya shanye, ya lashe cokali, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ƙarya yake.

Bai zauna a ciki ba. A bakin ƙofa ya tsuguna, bargo a ɗage, muna ta hira har kusan azahar. Luba ta tashi zaune, har ta sa baki, ta tuna masa shekarar da jaki ya kayar da shi a gaban surukansa. Ka ga aikin faten. Kwana kaɗan ya fara tayar da ita.

Yana fita na mayar da bargon. Ya shigar min da sanyi ɗaki.

Lahadi, 24 ga Disamba

Barci take ta yi. Cokali uku ta karɓa ta kau da kai.

Litinin, 25 ga Disamba

Habiba ta zo da kanta. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta tsaya tana shaƙar ɗakin.

“Baba, wuta a ɗaki kuma ko'ina a toshe?”

Na ce to a buɗe sanyi ya kashe uwarki?

Ta ce ta ji a rediyo, wasu mutanen gida guda sun kwanta da gawayi ba su tashi ba. Wai hayaƙinsa. Na ɗauko kaskon na kai mata har gaban ido. Na ce duba, ina hayaƙin? Gawayin ƙirya ne, jajir, ko ƙwalla ba ya sa mutum. Itace ɗanye shi ke hayaƙi. A bariki haka muka yi ta kwana, ɗaki ɗaya, kasko a tsakiya, ga ni nan a gabanki.

Ta durƙusa. “Don Allah, Baba, ko tagar ce.”

Na ce gidan mijinki kike da iko da taga.

Luba ta ce, “Ƙyale babanki, auta, ya fi mu sani.” Muryarta can ƙasa. Habiba ta cire tsumman ina salla, ta zaci ban gani ba. Mijinta na jira, ta tafi da la'asar tana share ido. Na mayar da abina.

Yaran yanzu, rediyo ce uwarsu, rediyo ce ubansu.

Talata, 26 ga Disamba

Kazar Luba mai kwanci a ƙarƙashin gado ta mutu a kan ƙwanta. Ba rauni, ba gudawa. Jiya lafiya lau ta ci dawa. Na fitar da ita a ɓoye cikin buhu.

In sanyin bana har kaza yake kashewa a cikin ɗaki, ashe wutar ba ta isa ba.

Laraba, 27 ga Disamba

Ta yi amai. Faten jiya duka ya dawo. Na tambaye ta ko in canza mata abinci, ta daɗe tana kallona kafin ta gane tambayar. Fuskarta kuwa ta yi kyau, leɓenta ja kamar na yarinya. Mai wannan fuskar ba ya mutuwa.

Na tashi ɗauko ludayi ƙasa ta juya da ni, sai da na dafa bango. A masallaci na rasa raka'a ta nawa muke. Ni. Ni da ake aikowa daga Doguwa a tambaye ni iyakar gonar da aka raba tun kafin a yi titi.

Iska tana kuka a kan kwano tun safe. Gobe zan hura kasko biyu, ɗaya na tukunya, ɗaya wajen ƙafafunta. Zan sa ƙashi sabo, in yi mata wanda ya fi na kullum.

Lahadi, 31 ga Disamba

Sai yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Ranar Alhamis bayan azahar na hura biyun. Na tuna na zuba dankali. Na tuna na zauna a gefen gado ina jira ya yi laushi, ƙamshin daddawa ya cika ɗaki, na ce bari in ɗan jingina. Shi ke nan abin da na tuna.

Hamidu ya ce da bai gan ni a sahun la'asar ba ya ce a ransa ko mutuwa ko mutuwa, don ba abin da ke hana ni jam'i. Ya yi sallama, shiru. Ya yaye bargo. Ya ja ni ta ƙafa zuwa tsakar gida, tsoho da tsoho, har bayana ya saɓule. Na farka yana sheƙa min ruwa yana zagina yana kuka.

Luba ba ta farka ba.

Nasiru, mai motar ɗaukar kaya a bayan layinmu, shi ya kwashe mu zuwa Doguwa. Kanta a cinyata, iska na dukan mu a bayan mota, iskar da na yi ta ɓoye ta daga gare ta. Na yi ta kiran sunanta. Tun da na aure ta ban taɓa kiransa da ƙarfi haka a gaban mutane ba.

Sun sa mata robar iska a hanci. Ni ma sun sa min, na cire. Likitan ya ce gawayi ne. Na ce masa gawayin ba ya hayaƙi. Ya ce, “Baba, wanda ido ba ya gani shi ne mai kisan.” Na tambaye shi za ta tashi? Ya ce a yi addu'a.

Habiba ta iso. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi jikina, ta kawo min ruwa. Ba ta ce komai a kan taga ba. Da ma ta faɗa, da ya fi min sauƙi.

Talata, 2 ga Janairu, 2024

Sun koro ni gida, wai in huta. Tukunyar tana nan yadda aka bar ta, dankalin ya ƙone ya kama gindi. Ban taɓa ta ba.

Habiba ta bugo. Har yanzu Luba ba ta farka ba.

Laraba, 3 ga Janairu

Bayan magariba a ƙofar masallaci, don su ɗebe min kewa, abokan hira suka ce in ba su labarin shekarar babban sanyi, da aka wayi gari a bariki an tarar da Zage-zagi biyu a mace a ɗakinsu. Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga. Kullum cewa nake sanyi ne ya daskarar da su.

Na buɗe baki sai ɗakin ya zo min. Ni na fara shiga ranar. Buhu a taga. Kasko a tsakiya, toka fara. Ɗakin da ɗumi.

Na ce musu na manta. Suka yi ta kallon juna.

Juma'a, 5 ga Janairu

Luba ta buɗe ido jiya da hantsi. Alhamdu lillahi. Magana tana fita a hankali, hannun dama na rawa. Likita ya ce wani abin zai dawo, wani sai yadda Allah ya yi.

Yau da sassafe na kankare tukunya na yi sabo. Iska ta watsa min wuta, na sake hurawa, ta sake watsawa, na kafa faifai na tare. Yatsuna sun ƙage wajen fere. Na zuba a kula na naɗe da rawani. Nasiru zai kai kaya Doguwa, ya ce in zo mu tafi.

Na miƙa mata cokali ba ta karɓa ba. Ta ce, “Malam. A ina ka dafa?”

Na ce a tsakar gida.

 Sannan ta buɗe baki. Ta sha rabin kwano, bai dawo ba.

Da muka komo na bi Nasiru har gida in yi masa godiya, in kuma ga jaririn da matarsa ta haifa wancan watan. Daga zaure na hango tagar ɗakin mai jegon, an cusa mata tsumma. Na ce, kai, je ka cire wancan, kaskon ma a fito da shi yanzu ina tsaye.

Ya ce, “Baba, ai ranar suna kai ka ce a toshe.”

Na ce to, yau ma ni na ce a buɗe.

Ban tafi ba sai da na ga labulen yana motsi.