Kibiya Mai Kunne Ɗaya

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar? Ina fatan kana shan maganin da Yaya take ba ka, ba a aljihu kake tura shi ba. Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Tunda kunnenka ya ƙi waya, na koma takarda. Ka ce in faɗa maka aikina yadda za ka gane. To, Baba, laka nake aunawa, sai ka yi dariyarka. Jirgin ruwa ne ya soka dogon bututu a ƙasan teku ya zaro ta, aka tsaga ta biyu, aka ajiye mana a ɗakin sanyi. A cikinta akwai ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani. Lokacin da suke nutsewa, kowace takan fuskanci arewa kamar allurar kamfas, laka ta danne ta a haka. Amma can ƙasa kudu suke kallo, domin maganaɗisun duniya ya sha juyawa. Na ƙarshe ya kusa shekara dubu ɗari takwas, kuma daidai wurinsa nake nema.

'Yan akwatunan roba nake dannawa cikin lakar. Kafin in zare kowanne, dole in zana masa kibiya mai nuna sama. Wanda ba shi da kibiya shara ne, wanda aka kifa kuwa ƙarya zai zabga maka, ya ce duniya ta juya. Abokan aikina suna yi mini tsiya wai kibiyata kunne ɗaya gare ta. Ban gaya musu ta kafinta ce ba, wadda kake yi wa katako da fensirin bayan kunnenka, ka kama hannuna ka koya mini.

Ɗakin awon ba taga, waya da makulli duk a ƙofa ake barinsu. Yini nake daga ni sai na'urar awo. Ina kewarka, Baba, ba kaɗan ba.

Ka gaida Yaya da yaranta.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fatan sanyin safiya bai dame ka ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya ta rubuto mini cewa a kife ka riƙe wasiƙata, ka daɗe kana kallonta. Da ta karanta maka har ƙarshe, sai ka tambaye ta wace ce Auta. Ban san sa'ad da na zauna a kan matakala ina kuka ba. Mai gadi ya wuce ni ya dawo, ya ajiye mini ruwa ya tafi.

Na sami shugabana na ce zan zo gida. Bai hana ni ba, mutumin kirki ne, sai dai ya tuna mini layi ake bi a kan na'urar, in na saki nawa sai baɗi. Na ce to bari in ɗan ƙara. Ga shi nan ina ta ƙarawa, laka kuma har yanzu arewa take kallo, ko a jikinta. Tsoro nake ji, Baba. Ina tsoron in gama neman abin da laka ta riƙe, in dawo in tarar kai ka sake ni.

Ka ga abin da na zana a saman takardar nan? Ko ba ka karanta ba, ka riƙe ta daidai.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da ban gajiya. Yaya Baba, yaya yara, yaya bayanki? Na san ke kaɗai kike ɗaga shi, Allah ya saka miki.

Yaya, na same shi. Jiya da hantsi na'ura ta nuna kudu. Na zaci ni na kifa akwatin, na duba, kibiya tana daidai. Na auna na ƙasa da shi, shi ma kudu. Na waiwaya in gaya wa wani, ba kowa sai ƙarar na'ura. Na yi tafi ni kaɗai, har na ji kunya.

Da na fito na ɗauki wayata a ƙofa, sai ga saƙonki. Kin ce bai gane sunana ba, amma yana ganin kibiyar ya juya takardar da kansa, ya ce wannan hannun yaron shagonsa ne, a ce masa ya daina yawo ya dawo, aiki ya taru.

Sauran awon na nan da yawa, amma na bar wa na bayana layin. Laka ta jira shekarun nan duka, za ta jira baɗi. Ina nan tafe ranar Asabar. Kada ki wahalar da shi da sunana, in yaron shago yake jira, yaron shago ne zai zo. Ki dai nemo mini guntun katako ki ajiye kusa da gadonsa. Fensir yana wurina.

Ƙanwarki,
Auta