'Yata Ba Ta Sa Kayan Aro

Highbridge, Bronx
9 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga Yaya Hawawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk mutanen Yelwa. Ya ƙafar? Mariya tana gaishe ki. Tunda kunnen nan naki ya daina ɗaukar waya, na koma rubutu a takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki.

Yaya, 'yarki Zuhura ce ta sa ni ɗaukar biro, kuma raina a ɓace yake. Kin san tun da ta shiga jami'a ta faɗa ƙungiyar masu tuƙa ƙaramin kwalekwalen nan na mutum ɗaya, wanda suke kira kayak. Na ƙyale ta, na ce jinin Yawuri ne ke motsi. To yanzu wai a watan gobe za ta yi jarrabawar zama mai koyarwa a kogin Hudson, daidai lokacin da ruwan ke yanka jiki don sanyi, kuma sau ɗaya ake yinta a shekara. Na ce me za ki sa? Ta ce ƙungiya za ta ara mata.

Aro fa, Yaya. Ni da na fara da faci a bakin tashar Yelwa, yau ga ni da shagon taya na kaina a Jerome Avenue, ban taɓa barin ɗana ya sa ko hular wani ba. Nan take na rantse da Allah a gaban uwarta cewa ba za ta shiga ruwa da kayan aro ba.

Washegari na sayo mata rigar ruwan sama mai kauri, da wandonta, da dogon takalmin roba irin na masu kasuwar kifi, na haɗa mata da rigunan auduga masu ɗumi. Na kai su da hannuna wurin ƙungiyar. Wata Baturiya mai furfura da ke shugabantarsu ta ɗaga takalmin da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera. Wai in yarinya ta kife, takalmin zai cika da ruwa ya hana ta iyo, audugar kuma ta jiƙe ta riƙe sanyi a jikinta. Ni za a koya wa ruwa, ni da aka yanke wa cibiya a bakin Kwara? Na haɗiye, saboda yarinya tana tsaye.

Daga nan na tafi babban shagon kayansu a Manhattan. Ashe iri biyu ne. Akwai ta roba mai manne wa jiki kamar fatar tarwaɗa, wai tana barin ruwa ya shiga kaɗan sai jiki ya ɗumama shi. Wannan ko kallo na biyu ban yi mata ba, 'yata ba za ta tsaya gaban maza a haka ba. Ɗayar kuwa sakakkiya ce, daga wuya har tafin ƙafa a haɗe, da roba mai matse wuya da wuyan hannu, da zif mai nauyi, ba ta barin ko ɗigo. A ƙarƙashinta ake sa ulu. Na ja robar, na shinshina ta, na duba inda aka haɗa ta. Roba dai na san ta, wannan mai kyau ce. Ita na saya, na ɓoye ta a shago.

Ki taya ni addu'a, 'ya'yan zamani sai haƙuri. A gaida kowa.

Ƙanenki,
Jibrin

*

Yelwa, Yawuri
14 ga Oktoba

Jibrin,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, mun gode Allah da kuke lafiya. Ƙafa da sauƙi. Ka gaida Mariya da 'yata.

Cibiya dai a bakin Kwara aka yanke maka, ban musa ba, ina wurin. Amma ni ban taɓa ganinka da filafili a hannu ba. Ko zuwa Rofiya a kwalekwale, kai ne kake zama a tsakiya kana riƙe da gefe biyu kana karanta duk surar da ka iya. Kai da ruwa sai alwala. Kuma namu ruwan ko da hunturu yara na wanka a cikinsa, wancan kuwa na ji an ce wani abu ne daban.

Rantsuwar ce ban so ba. Bakinka ya fi ka sauri tun kana ƙarami. Tunda ka riga ka saya, Allah ya sa albarka. Ka miƙa wa yarinya yadda ka karɓo ta daga shago, kada ka ƙara mata, kada ka rage. Ita ce mai shiga ruwan.

Yayarka,
Hawawu

*

Highbridge, Bronx
30 ga Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Na ga amsarki, zancen Rofiya kuma mu bar shi, lokacin ina da zazzaɓi.

Ki saurari abin da aka yi mini a garin nan. Da na ware rigar a shago na dube ta da kyau, sai na ga ba ta da ko alama, ruwan toka ce kamar tamfol ɗin rufe mota. Dukansu irinta suke sawa. In ina tsaye a bakin kogi, ta yaya zan gane tawa a cikinsu? Kuma wane uba ne yake ɗauko tufa daga kanti ya miƙa wa 'yarsa ba ta biya ta hannun tela ba? Sannan na gwada zura kaina a robar wuyan, wallahi sai da idona ya yi ja. Na ce wannan ai shaƙe mini yarinya za ta yi kafin ruwan ya taɓa ta.

Sai na kai wa Shitu, telan nan ɗan Maraɗi da ke layi na 116, wanda yake mini ɗinkin Sallah. Na ce ya rage robar wuyan ta saki, ya yi surfani da zare ruwan gwal a ƙirji, ya rubuta ZUHURA a baya da manyan baƙaƙe. Ya juya ta, ya ce, "Alhaji, wannan yadin bai yi mini kama da mai son allura ba." Na ce, "Kai dai ɗinka, zare ai yana toshe inda allura ta bi." Ya ce, "To, kai ne mai kaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Yanzu yana ta gaya wa mutane wai ya gargaɗe ni. Wannan gargaɗi ne?

Aikin ya yi kyau, Yaya, ko amarya sai haka. Bayan mun ci tuwo na ɗauko na shimfiɗa mata a kujera. Ta tsaya tana kallo, ta shafa sunanta, ta taɓa wuyan. Sai ta ce, "Baba, me ka yi mata?" Ta ɗauka ta shiga banɗaki, muka ji tana tara ruwa a baho. Ashe sa ta ta yi, ta kwanta a cikin ruwan. Da ta fito, rigar da ke ƙarƙashi ta jiƙe daga wuya har ciki, bayanta kuwa ruwa ya bi sunan ya zana shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa jaka ta tafi wurin ƙawarta a Flatbush.

Na koma shagon Manhattan, suka ce ba sa karɓar kayan da aka taɓa. Na ce to ku kawo wata. Wai daidai da ita ta ƙare, sai bayan makonni, gyaran wuya ma sai an aika kamfani. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, amma ta kasa yin yadin da ba ya tsoron allura. Mariya kuma ta ɗauke mini wuta, abinci kawai take ajiyewa ta wuce.

Ban sallama ba tukuna. Ina da sholishon faci, ina da hannuna. Ki gaida gida.

Jibrin

*

Flatbush, Brooklyn
3 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina wuni? Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da Hausata, Mama ce ta gyara mini wasu wurare.

Gwaggo, ba fushi nake da Baba ba. To, ina fushi kaɗan. Rigar da ya zaɓa ita ce mafi kyau, ni ko a mafarki ban sa ran samunta ba. Amma a jarrabawar nan dole in kife da gangan, in zauna cikin ruwan, in ceto wani, in koma jirgina. In ruwa ya shiga rigar, kafin in gama yatsuna sun daina riƙe komai. Ba za su ma bar ni in shiga da ita ba.

Akwai ta ƙungiya, irin ta Baba ce, mai rufe jiki duka, har da hular da zan sa a kan ɗankwalina. Amma ya rantse. Shekara biyu ina shirin wannan rana. In na sa ta aro na karya maganar ubana, in ban sa ba sai baɗi, kuma baɗi na gama makaranta, ban san inda zan kasance ba. Ba zan shiga ruwa yana fushi da ni ba. Maganarki kaɗai yake ji.

'Yarki,
Zuhura

*

Yelwa, Yawuri
6 ga Nuwamba

Jibrin,

Bayan gaisuwa. Mai faci guda, wanda ya ci abinci da hujin ƙusa shekara da shekaru, shi ne ya kai rigar ruwa aka yi mata huji dubu. Na rasa wa zan ba labari don kunya.

Yarinya ta rubuto mini. Ta ce ba za ta shiga ba sai da yardarka, ka ga tarbiyyar da ka yi ba ta faɗi ƙasa ba. Na aika an tambayi liman. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi wanda ya fi, ya yi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su. Kada ka ce za ka yi azumi a ɓoye, wannan na wanda ba shi da hali ne, kai kuwa kullum kana sanar da mu kana da shi.

Ka ajiye sholishon nan. Ran 'yata ba tayar babur ba ce.

Yayarka,
Hawawu

*

Highbridge, Bronx
10 ga Nuwamba

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso, har Mariya ta karanta ta sau biyu da ƙarfi.

Ban ajiye ba sai da na gwada. Na bi kowane hujin rigar ta ciki na shafe da sholisho, na ɗaure wuya da hannuwa, na hura mata iska, na danna ta a randar da muke gwada taya. Ƙirjin ya riƙe. Bayan kuwa sai kumfa ke tashi daga sunan, layi-layi. Na sake shafewa, ta sake tashi. Da taya ce da na ce wa mai ita kada ya hau titi da ita.

Har yanzu ina nan a kan cewa aro ƙasƙanci ne, kuma Shitu bai kyauta ba. Ban kira Zuhura ba tukuna. Asabar ce jarrabawar.

Jibrin

*

Highbridge, Bronx
13 ga Nuwamba

Yaya,

Sallama. Ranar Juma'a na sa aka dafa shinkafa da nama, liman ya nuna mini mabuƙata goma, na raba da hannuna. Daga masallaci na wuce Flatbush na ɗauko Zuhura.

Ta shiga ruwa da kayan aro, ina tsaye. Da ta kife na ga gindin jirgi a sama, ban san lokacin da na taka ba, sai ji na yi ina cikin kogi har cinya, da takalmina da komai. Yaya, kamar an soka mini wuƙaƙe a ƙashi. Ita kuwa ta riga ta juyo tana tsane fuska. Wasu ƙarti biyu ne suka jawo ni kamar buhun gero, babu ko sannu Alhaji.

Ta ci jarrabawar.

Baturiyar nan ta hana ni motsawa sai na cire jiƙaƙƙen wandona. Ta miƙo mini wani na ulu mai gwiwa a koɗe, ban san na wane ne ba, ban tambaya ba. Da shi na dawo gida, Zuhura ce ta tuƙa. Ta daure har muka haye gada kafin ta fara dariya.

Wannan ya tsaya tsakaninmu, kada in ji shi a Yelwa.

Ƙanenki,
Jibrin