Kofi na Biyar

Birnin Antwerp, 9 ga Nuwamba

Yaya Albano,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya Lurdes da yara? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Ka san aikina a ofishin hayar gidaje. Masu gida da yawa ba sa son baƙar fata, ni kuwa farar mace mai daɗin baki, ni ake turawa in ce musu an riga an kama gidan. Da murmushi nake yi, har da ba su kofin shayi, ina ganin kaina mutuniyar kirki. Wallahi sayar da kifin da ya kwana a kasuwarmu ya fi wannan gaskiya.

Makon jiya wata ma'aikaciyar jinya, Madam Kabeya, baƙar fata mai neman haya, ta ture kofin ta ce, "'Yar'uwa, kofi na biyar ke nan da ake ba ni maimakon gida. A cikin kofi zan kwana da 'ya'yana?"

Na buga mata saƙon da mai gidan ya aiko cewa ba ya son baƙar fata a takarda, na sa hannu. Litinin zan ba da shaida gaban hukuma.

Ba a kore ni ba tukuna, an dai daina gaishe ni. Ka share min tsohon ɗakina, amma kada Mama ta ji dalili.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Zulmira