Tsargiyar takwaranka

Garwa, unguwar Poumpoumré

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna Hajara da yara duka. Yaya aikin shinkafa a Yagoua, yaya ruwa bana? Mu nan sai godiya.

Takwaranka, babban yarona, ya sha jinya. Wata huɗu yana fitsarin jini bai faɗa wa kowa ba, yana ta ramewa muna cewa tsayi ne yake yi. Sai da ya faɗi a lakol, wato makaranta, aka kai shi asibiti. Likita ya ce tsargiya ce, daga wankan da suke yi da abokansa a kogin Binuwai.

Na tambaye shi, "Me ya hana ka gaya mini?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, abokaina sun ce alamar balaga ce, kowane namiji sai ya yi. Kuma kai ba ka taɓa yi mini irin wannan magana ba."

Yaya, shekara goma sha uku ina kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na kira, ashe yaran bakin kogi ne ke koya masa sanin jikinsa.

Yanzu yana shan magani, ya fara cin tuwo. Naka samarin kullum ƙafarsu tana cikin ruwan shinkafa. Don Allah ka zaunar da su ka tambaye su da bakinka.

Ku sa shi a addu'a. A gaida Inna da Malam Buba.

Ƙaninka,
Sani