Alayyafon Farin Tudu

Litinin, 3 ga Yuni
Ciyawar jema ta kama! Shekara biyu muna zuba taki a kan Farin Tudu, tarin dattin da masu haƙar dalma suka bar mana, inda ko tsuntsu ba ya sauka. Yau na hau sama na ga kore layi-layi, sai ga ƙwalla. Dogo mai ban ruwa ya ce, "Shugaba, ciyawa kike wa kuka?" Na ce wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Alhamis, 13 ga Yuni
Alayyafo ya fito tsakanin layuka, ba mu muka shuka ba. A cikin takin shanu irinsa ya biyo. Ganye fato-fato, ya fi na kasuwa kyau nesa ba kusa ba. Injiniyar aikinmu ta tsinki ɗaya da safar hannu ta jefa a leda. Ta ce jema a saiwa take riƙe gubar dalmar da ke ƙasar, shi kuwa wannan har ganye yake kai ta. A tuge, a binne a ramin siminti. Na ce wa ma'aikata su tuge. Sauri nake, ban ƙara komai ba.

Asabar, 29 ga Yuni
Baƙi sun zo ganin aiki. Da safe na cire allon gargaɗin nan mai hoton ƙoƙon kai da ke bakin shinge, don yana ɓata hoto. Aka ba ni lasifika, kaina ya kumbura, na ce, "Ƙasar nan ta warke." Yayata na cikin taro da cikinta wata bakwai, ta fi kowa tafi. Injiniya ba ta tafa ba. Haushinta na ji, wallahi. Mace kullum fuska a murtuke.

Laraba, 10 ga Yuli
Na leƙa ramin siminti. Wayam. Kusan wata guda ana tugewa, ko ganye ɗaya babu.
Na kira Dogo. Dariya ma ya yi.
"Haba Shugaba, wa ke binne abinci? Rabawa muke. Ai da bakinki kika ce ƙasar ta warke."
Na ce wa da wa?
Ya lissafo gida tara. Sannan ya ce, yana jiran godiya, "Har gidan Innarku nake kaiwa. Ta ce Yayarki ba abin da ke zama mata a ciki sai shi."
A bakin ramin na zauna.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na tarar Inna ta shanya wani alayyafon a faranti. Na kwashe duka, har na cikin tukunya. Ta biyo ni da ludayi a hannu: "Ke, lafiyarki kuwa?" Na faɗa mata, rabi dai. Ban ambaci allon ba.
Yaya na kwance. Kwana biyar cikinta na murɗawa, ta ɗauka na masu ciki ne. Ta ce bakinta kamar ta tsotsi ƙusa.

Litinin, 15 ga Yuli
An ɗebi jinin Yaya da na mutanen gida taran nan. Likita ya ce abin da uwa ta ci, ɗan ciki ma yana samu. Sakamako sai bayan kwana goma. Injiniya ce ta kai mu a motarta, ba ta ce mini komai ba. Da ma ta zage ni.

Laraba, 17 ga Yuli
Ban ci komai ba. Tsoro nake ji.

Talata, 23 ga Yuli
Saura kwana biyu. Na mayar da allon, da hannuna na buga ƙusoshin. Dogo ya ce in hau in ga yadda jema ta kai gwiwa, na ce aiki ya yi mini yawa. Ban hau tudun ba tun ranar da na leƙa ramin.
Yaya ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. "Ji ɗanki, yana gaishe ki." Ya motsa. Sau ɗaya.
Da zan fito na ga wani ɗan alayyafo ya tsiro a gindin randar Inna. Ƙasar gidanmu ce, ba ruwanta da Tudu, na sani sarai. Na sa leda a hannu na tuge shi, na kai shi ramin siminti.