Na ba barkono ruwa da Italiyanci

Laraba, bayan isha'i, Panyu

Yini guda na yi a tashar jiragen ruwa ta Nansha ina jiran a loda kwantena, na dawo gida Panyu ƙafafuna sun kumbura. Duk da haka na buɗe darasin Italiyanci a waya. Na yau a kan abin da mutum yake cikin yi ne: ka fara da "sto", sai kalmar aikin ta ƙare da "ando" ko "endo". Ashe kamar "ina" ɗinmu ne.

Ina cikin haka 'yata Hadiza ta kira ta bidiyo daga Italiya, ta miƙa wa jikata Amira wayar. Shekararta biyar, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, kullum daga murmushi sai ta gudu. Na fita baranda da buta, na nuna mata tukwanen barkonona, na ce, "Sto annaffiando," wato ina ban ruwa. Harshena ya sarƙe a tsakiya.

Ta yi dariya, ta gyara min sau biyu. Sannan ta matso da fuskarta ta ce, "Nonna, sta crescendo!"

Hadiza ta ce, "Mama, wai cewa take, 'Kaka, yana girma.'"

Sai da aka kira ta cin abinci muka rabu. Barkonon kam ya sha ruwa fiye da ƙima, don na ƙi ajiye butar.